Jitar Sagiru da Katako Mai Ƙwai Uku

Akwai wani hali da na tsana a wurin ɗan Adam, shi ne mutum ya ji kunyar abin da ya ɗaga shi don kawai abin ba shi da kyan gani. Ya yi maka rana a cikin ɗaki, amma da an fita gaban mutane sai ka tura shi bayan ƙofa don kada a gan ku tare. Wannan halin ne ya kayar da Sagiru mai jita. A gabana aka yi kusan komai tun daga farko har ƙarshe, kaɗan ne aka ba ni labari.

Ni baduku ne. Rumfata tana jikin shagon Malam Muntaka mai gyaran rediyo, a wani lungu bayan kasuwar Dutse. Bango ɗaya ya raba mu, shi ma na langa-langa, saboda haka duk abin da aka kunna a shagonsa sai na ji, ko ina so ko ba na so. Malam Muntaka siririn mutum ne, ba ya son yawan magana. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a motar majigi, irin wadda ake zagaya ƙauyuka da ita ana nuna wa mutane tsaftar rijiya da noman gyaɗa, a can ya koyi harkar wayoyi. Bai yi boko mai nisa ba. Amma idan ya kara kunnensa a jikin rediyo, kafin ya kwance noti ɗaya zai gaya maka inda ciwon yake. Na zauna kusa da shi shekara ashirin da wani abu, ban taɓa ganin an dawo masa da aiki ba.

Sagiru ya fara zuwa lungun namu shekara biyu bayan an ba mu jiha, lokacin da Dutse ta cika da baƙin ma'aikata. Direba ne a wata ma'aikata. Mutanensa masu shanu ne a wajen Aujara, kuma tun yana bin shanu yake kaɗa molo, don haka yatsunsa sun san tsirkiya tun kafin ya san birni. Da ya samu aiki sai ya sayi jitar lantarki a hannun wani mutumin Jos. Duk Asabar bayan la'asar yakan yi kiɗa tare da wasu mutum huɗu a wani gidan shaƙatawa na ma'aikata. Shugabansu wani ne Zailani, mai kaɗa fiyano, mai baki kamar reza.

Ranar da Sagiru ya fara zuwa, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe mu duka biyu, sannan ya zaro wani tsohon kaset daga aljihu.

Ya ce, "Malam, ba gyara na kawo ba, tambaya na kawo."

Malam Muntaka ya ce, "To zauna, amma ba a kan rediyon mutane ba."

Kaset ɗin ba shi da ko rubutu. A cikin motar da aka ba shi tuƙi ya tsince shi. Kiɗan Turawa ne na wajen shekara ashirin baya, mai ganguna da hayaniya. Ni da na ji farkonsa sai na ci gaba da ɗinkina, don ban ga abin saurare ba. Can a tsakiyar waƙa ta uku mawaƙin ya yi shiru, sai jita ta fito ita kaɗai. Wallahi sai da na ajiye basilla. Ni ban taɓa jin jita ta yi haka ba. Ta fi kama da kukuma a hannun gwani, sai dai ta fi kukuma kauri, kuma da 'yar shaƙewa a cikinta irin ta muryar wanda ya yi kuka har ya gaji. Idan ta kama sauti ɗaya sai ta riƙe shi ta ƙi saki, yana ta kumbura har ka ji shi a haƙarƙarinka. Duka abin bai kai minti ɗaya ba, mawaƙin ya dawo.

Sagiru ya ce, "Ka ji, Malam? Yatsun na iya. Duk inda mutumin nan ya taka na taka. Amma tawa idan na kaɗa, ƙwal-ƙwal take yi kamar ana buga cokali a kwano. Kafin in ɗaga yatsa sautin ya mutu. Wannan amon nake nema."

Malam Muntaka ya ce, "Mayar da shi baya."

Sagiru ya sa biro a ramin kaset ɗin ya juya, aka sake kunnawa. Sau huɗu aka yi haka. Malam yana zaune idonsa a rufe, dalma tana hayaƙi a gefensa ya manta da ita.

Da ya buɗe ido ya ce, "Wannan ba a yatsa kaɗai yake ba. Akwai wahala a cikin sautin nan. Wani abu aka matsa wa har yake kuka. Ka kawo jitarka ranar Lahadi."

Daga wannan Lahadin aka fara, kuma ba a gama ba sai bayan shekara uku.

Abu na farko da Malam ya yi, ya ce Sagiru ya ajiye 'yar amfilifayarsa ta zamani, wato akwatin ƙara sautin jitar, wai ba ta da ciki. Ya sunkuya ƙarƙashin bencinsa ya jawo wani akwatin ƙarfe mai nauyi, duk ya yi tsatsa, zanzaro ya yi gini a kusurwarsa. Amfilifayar motar majigi ce. Da aka daina majigin aka yar da ita, shi kuma ya ɗauko ya adana. A cikinta akwai wasu kwalabe huɗu, kowace kamar tsawon yatsa, waɗanda idan wuta ta shige su suke yin ja kamar garwashi. Wata biyu ya yi yana lallaɓa ta kafin ta yi numfashi. Ya kuma kafa wa Sagiru doka, ba a kunna ta a kaɗa nan take, sai an jira kwalaben sun yi ja sosai.

Da aka jona jitar, sauti ya fito da kauri da ɗumi. Sagiru ya yi tsalle. Malam ya girgiza kai.

Ya ce, "Da saura. Wannan ta cika ladabi. Ta cikin kaset ɗin ba ta da kunya."

Sai aka koma kan lasifika. Duk wadda ta shigo shagon sai an gwada ta, ta rediyo, ta rakoda, har ta wani mai tallar magani da ya kawo gyara. Na ƙirga sha ɗaya. Ta sha biyun wata babba ce da ɓera ya ɓarke wa takarda a gefe, Malam ya jingine ta yana nufin zubarwa. Sagiru ne ya ce a gwada ta ko don dariya. Da ya kaɗa, sai ga shaƙewar nan ta fito. Amma ta yi yawa, kamar ana yaga sabon yadi.

Malam Muntaka ya leƙo ta saman langa-langa ya ce mini, "Maƙwabci, aiki ya zo gidanka. Ina son faci a nan, wanda zai rufe ramin amma ya bar shi yana rawa."

Na fara da 'yar fatar akuya, ta yi nauyi, sautin ya toshe. Na sa takardar siminti, kwana biyu ta yage. Daga ƙarshe na tuna da tantanin da ake rufe kalangu da shi. Na yanko kamar faɗin tafin hannu, na jiƙa, na liƙa da ƙaro, muka bar shi ya bushe a inuwa kwana uku. Da aka kaɗa, shaƙewar ta zauna daidai wurinta, ba ta yi yawa ba, ba ta yi kaɗan ba. Ni da na saba ɗinka takalmi da kube, ranar na ji daɗin hannuna.

To a nan ne abin ya zama ciwon kai. Sautin da ke riƙewa ya ƙi mutuwa, wanda shi ne ran abin gaba ɗaya, wata rana ya zo, wata rana ya ƙi. Sagiru zai zo da yamma ya kaɗa, abin ya fito kamar daga cikin kaset. Washegari da safe ya zo, ba a taɓa komai ba, sai sautin ya fito a bushe, ya mutu da wuri. Ya canza tsirkiya, ya canza waya, ya canza wurin zama. Har ya fara cewa ko akwai mutanen ɓoye a cikin akwatin.

Malam ya ce, "Aljanin da zai zauna a cikin wannan zafin ai ya ga ta kansa. Ka bar ni in yi kallo."

Wata huɗu ya yi yana kallo bai taɓa komai ba. Shi kuma kaset ɗin yana ta cinyewa saboda yawan juyawa da biro. Sau biyu ya tsinke, Malam ya haɗa shi da jan farce.

Wata ranar kasuwa, Sagiru yana kaɗawa sautin a bushe, sai ga shi nan take ya kumbura ya fara waƙa. Malam bai kalli jitar ba, sama ya kalla. Fankar shagon ta rage gudu, ƙwan lantarkin da ke rataye ya dushe ya koma ja. A bakin lungun kuma Ɗanladi mai injin niƙa ya tayar da injinsa, mata sun kawo gero. Layin wuta ɗaya muke sha da shi, kuma mu ne a ƙarshen layin.

Malam ya ce, "Maƙwabci, don Allah taka ka ce wa Ɗanladi ya kashe injin nan, in na ɗaga hannu ya kunna."

Na je na gaya masa. Ɗanladi ya dube ni, fuskarsa fari fat da gari, ya ce, "Baba, yau kuma jita za mu niƙa? Mudu nawa ce?"

Na ce, "Kai dai kashe, ba a tambaye ka wa'azi ba."

Ya kashe, sautin ya bushe. Ya kunna, sautin ya kumbura. Sau biyar aka yi, har matan suka fara zagin mu, wata ta ce tsofaffi da furfura sun hana ta tuwon dare saboda garayar Nasara. Da na dawo na tarar da Malam Muntaka yana dariya. Ranar ce na fara ganin haƙoransa na ciki.

Ya ce wa Sagiru, "Ka gane? Idan injin ya ja wuta, abin da ke iso mana ya ragu. Tsohuwar nan a yunwace take waƙa. In ta ƙoshi sai ta yi ta ihu kawai."

Sagiru ya ce, "To Malam, duk inda zan yi kiɗa sai na ɗauki Ɗanladi da injinsa?"

"A'a. Zan yi maka Ɗanladin da za ka saka a hammata."

Ya samo guntun tsohon ƙyaure, katako mai kauri wanda gara ta taɓa gefensa. Ya kafa masa mazaunin ƙwan lantarki guda uku a jere, ya ja waya ta yadda duk wutar da za ta shiga amfilifayar sai ta bi ta cikin ƙwayayen tukuna. Sati uku yana canza su, babba da ƙarami, har ya samu haɗin da ya yi daidai da injin Ɗanladi. Abin kallo ne. Idan Sagiru ya taɓa tsirkiya a hankali ƙwayayen su yi ja-ja-ja, idan ya doka da ƙarfi su haska, kamar suna numfashi tare da shi.

Ranar da ya miƙa masa katakon, ya riƙe hannunsa ya ce, "Saurara da kyau, don ba na maimaita magana. Ƙwayayen nan su ke shanye rarar wutar. Amo suke ba ka, kuma rai suke ba ta. Kayan cikinta sun tsufa, ba za su ɗauki cikakkiyar wuta ba, balle ta janareta. Ranar da ka jona ta ba katakon nan, ranar za ka binne ta. Kwalaben nan kuma an daina yin irinsu, kaf Kano na duba."

Sagiru ya ce, "Malam, ko matata na manta a gida ba zan manta katakon nan ba."

Aka kunna kaset ɗin a rakoda, aka kashe daidai inda jitar Baturen za ta shiga, Sagiru ya shiga a madadinta. Ina bayan langa-langa, na rantse ban gane an kashe rakodar ba. Dole in faɗi gaskiya a kan yaron nan, ya iya. Yakan tura tsirkiya sama da yatsa har sautin ya lanƙwasa kamar mai roƙo, sannan ya girgiza shi a hankali, irin girgizar da ya koya a molo a bayan shanu. Wannan ba Malam ne ya ba shi ba, nasa ne. Masu wucewa suka tsaya. Matar nan mai tuwon dare ta tsaya da ƙwaryarta a ka har aka gama, sannan ta ce, "Ashe abin yana magana." Sagiru ya ajiye jitar ya durƙusa gaban Malam. Malam ya ce ya tashi kada ya take masa dalma.

Shekara huɗu bayan nan sunan Sagiru ya zagaya. Mutane sukan shigo mota daga Kafin Hausa da Taura ranar Asabar don su ji wannan minti ɗayan, da wasu kiɗe-kiɗen da ya ƙirƙira da kansa a kan amon. Masu jita daga wasu garuruwa sun zo da kayansu masu ƙyalli, sun murɗa duk abin murɗawa, ba su samu ba. Shi kuwa kaset ɗin asali ya ƙarasa mutuwa, wurin jitar ya goge sai shuu kawai ake ji. Ba wanda ya damu, tunda amon yana nan a cikin akwatin majigi.

Matsalar katakon ce. Ba shi da kyau ko kaɗan, wannan gaskiya ne. Zailani ya sa masa ido tun ranar farko. Da Sagiru ya jera ƙwayayen a gaban dandali suna ci kamar fitilun mai tsire, sai Zailani ya ɗaga murya ya ce, "Mai tsire ya iso! Sagiru, a sa mini yaji da yawa, ban da albasa." Mutane su yi dariya. Da farko Sagiru yakan yi dariya tare da su, ya ce a je lungun bayan kasuwa a ga mai katakon. A hankali dariyar ta daina zuwa masa. Ya fara lulluɓe katakon da tsumma, har sai da tsumman ya kusa kamawa da wuta. Idan aka tambaye shi sirrin amon sai ya nuna yatsunsa ya ce a nan yake. Zuwansa lungu ya ragu. Wata rana ya zo in ɗinka masa maɗaurin jita, na gaya masa abin da na ji.

Na ce, "An ce yanzu cewa kake a hannunka yake."

Ya ce, "Baba, maganar dandali ce kawai."

Na ce, "Maganar dandali ita ce maganar da mutane suke ji. Ka kiyayi kanka."

Ya sunkuyar da kai, ya karɓi maɗaurinsa, ya tafi.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ta zo. Ni na yi murna da ita, ba na ɓoyewa, kuma ban taɓa taka gidan shaƙatawar nan ba. Mai gidan ya sanar cewa zai daina tara mutane don kiɗa, Asabar mai zuwa ita ce ta ƙarshe. Zailani ya shirya wani mutum daga Kano mai na'urar ɗaukar sauti da kyamarar bidiyo, ya zo ya ɗauki wasan don ya zama abin ajiya. Duk shekarun nan ba a taɓa ɗaukar amon Sagiru da na'urar kirki ba, ƙananan rakodoji in an gwada sai su toshe. Wannan ce damar, kuma ita kaɗai ce.

A lokacin idanun Malam Muntaka sun fara rauni, abin da ya wuce taku biyar sai dishi-dishi. Ranar Asabar ɗin ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, ka raka ni. Ba kiɗan zan je ji ba. So nake in ji an adana abin nan, in san ba zai mutu da akwatin ba." Saboda shi na je.

Muka isa bayan la'asar, rana tana nan da sauranta. Wurin ya cika. An hayo wani babban sabon janareta yana ruri a bayan katanga. Muka samu benci kamar taku goma daga dandalin. Malam yana cikin tsohuwar rigarsa mai ƙunar dalma a hannu. Sagiru ya hango mu, ya ɗaga hannu daga nesa, bai ƙaraso ba.

Mutumin Kano, wani mai tabarau da agogo, yana zagaya kayan yana dubawa. Ya tsaya a kan akwatin majigi ya ce, "Ikon Allah. Wane injiniya ne ya tayar muku da wannan?"

Sagiru ya ce, "Ni nake haɗa kayana."

A kunnenmu. Malam ya dai gyara zaman hularsa.

Sannan mutumin ya leƙa ta idon kyamararsa ya ce, "Wannan katakon fa? Yana tsakiyar hoto."

Zailani ya samu abin da yake so. Ya ce, "Teburin tsirensa ne, ranka ya daɗe. Sagiru, don girman Allah, da wannan za ka shiga bidiyo? A kalla a Kano a ce mutanen Dutse da ƙyauren bayan gida suke kiɗa? Ka kai shi bayan labule mana."

Sagiru ya ɗauki katakon zai kai bayan labule, wayar ta gaza. Taku uku kawai ta rage. Ya tsaya da shi a hannu. Na ga ya waiwayo wajenmu. Abin da ya rage masa shi ne ya tako taku goma ya ce, Malam, waya ta gaza. Amma yin haka sai mutumin Kano ya ga wane ne injiniyan, shi kuwa yanzun nan ya ce shi yake haɗa kayansa. Wasu mutane suka gitta tsakaninmu, ban ga abin da ya yi ba. Daga baya na san cewa zare katakon ya yi, ya tura shi ƙarƙashin tebur, ya jona amfilifayar kai tsaye a layin janareta. Wataƙila ya ce a ransa waƙa ɗaya ce, za ta jure.

Aka buga ganga aka fara. Ko layi biyu ba a yi ba Malam ya damƙe hannuna.

Ya ce, "Maƙwabci, ƙwayayen suna ci?"

Na miƙa wuya na ce, "Ban gan su ba."

Ya ce, "Ta ƙoshi. Ina jin ta. Tashi ka ce ya kashe, maza!"

Na tashi. Amma gwiwoyina ba na saurayi ba ne, ga mutane sun cushe gaba. Ina turawa ina kiran sunansa, ƙarar ta danne muryata. Sautin jitar yana fita da ƙarfin da bai taɓa yi ba, a bushe, mai kaifi, yana soke kunne. Na ga fuskar Sagiru, shi ma ya ji ba amonsa ba ne. Da zai iya tsayawa a nan. Sai ya kalli kyamara ya ci gaba.

Mawaƙinsu ya yi shiru, wurin jita ya zo. Sagiru ya tako gaba, ya doka, ya tura tsirkiya sama. Sautin ya yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kare. Aka ji fat. Wani farin hayaƙi mai warin ƙonannen gashi ya taso daga bayan akwatin, sai shiru. Mai ganga ya ci gaba shi kaɗai na ɗan lokaci kafin ya gane. Sagiru yana tsaye yana kaɗa tsirkiyar da ba wanda yake ji, kyamara tana kansa.

Malam Muntaka ya taso yana lalube, na kama shi muka hau dandalin. Ya zare wayar, ya ɗora tafinsa a kan akwatin, ya janye saboda zafi. Ya sunkuya ya shinshina. Bai ko nemi sukundireba ba.

Ya ce, "Taransifomar cikinta ta narke."

Sagiru ya ce, "Malam, za ta gyaru?"

Malam ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro wani abu a naɗe. Waya ce sabuwa, da bakinta a gyare.

Ya ce, "Na san dandalin nan da faɗi, shi ya sa na taho da ita. Yadi biyar ce. Da ka ce waya ta gaza, da na ba ka."

Ya ajiye ta a kan akwatin, ya ce mini mu tafi kada magariba ta same mu a hanya.

Washegari Sagiru ya kawo kayan lungu a bayan mota. Malam ya buɗe a gabansa don ya gani da idonsa, bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Sagiru ya ɗauki hutu ya tafi Kano, ya wuce Kaduna, ya shiga duk shagon tsofaffin kaya da aka kwatanta masa. Ya dawo da kwalabe biyu na wata rediyo, ba su shiga mazaunin ba. Kafin shekara ta zagayo idanun Malam suka rufe gaba ɗaya, ya bar sana'a ya koma gida. Katakon kuwa, da aka jawo shi daga ƙarƙashin tebur, ko ƙwai ɗaya bai fashe ba.

To ga abin da taku goma suka ci wa Sagiru. Kwalabe huɗu da aka daina yin irinsu, biyu sun tsage, biyu sun yi baƙi. Taransifomar motar majigi, wadda ta yi shekara arba'in tana aiki. Lasifikar da na yi wa faci, tantanin ya fashe, cikinta ya ƙone. Aikin shekara uku na mutumin da ba zai sake ganin waya ba balle ya haɗa ta. Amon da ya nema tun yana sabon direba, wanda yanzu ba ya cikin kaset, ba ya cikin akwati, ba a kuma ɗauke shi a ko'ina ba. Abin da aka ɗauka kawai shi ne bidiyon minti biyu, da ƙara, da hayaƙi, da shi a tsaye. Sai kuma gaisuwar Malam Muntaka, wanda har ya rasu yana amsa masa sallama kamar yadda ake amsa wa kowane mai wucewa, bai sake ce masa ya kawo jitarsa ranar Lahadi ba.